Sharaɗin Fim na Bakwai

Mai Zane ya kashe ni sau shida, sannan ya aiko yana neman auren 'yata.

Ni ne uban. Ni kuke zagi a ƙarƙashin labarin nan tun kashi na farko. Na karanta duk abin da kuka rubuta, a hankali, yatsa a kan layi, don aji uku na yi a makaranta aka cire ni. Wata ta ce zuciyata dutse ce. Wani ya ce irina ne ke sa 'ya'ya hawan jini. Na gode. Ba ku kuka fara ba.

Auta ce ke rubuta muku labarin, ita ce ƙaramar 'ya'yana biyar. Yau kwana goma sha ɗaya ba ta sa muku ko harafi ba, kuna ta tambaya ko lafiya. Lafiyarta ƙalau. Jiya na ce ta ba ni wayar. Ta ajiye a kan tebur ta wuce. Wannan kashin nawa ne. Ku karɓe shi yadda ya zo.

Shekarata saba'in da ɗaya. Sana'ata yankan makulli da gyaran kwaɗo. Shagona yana ƙarƙashin matakalar wani dogon gini, in na miƙe hannu biyu ina taɓa bangon nan da na can. Shekara arba'in da huɗu ina ciki. Ba a taɓa dawo mini da makulli an ce ya ƙi buɗewa ba. Sau ɗaya inji ya cinye mini kan yatsana manuni na hagu. Laifina ne, ban ɗora wa kowa ba.

Bara na faɗi a shagon. Zuciya ce. Na yi kwana tara a asibiti, Auta na kan kujerar roba a gefen gado da farar rigarta ta kantin maganin da take aiki. Kwana biyu na farko ko gida ba ta je ta sauya ba. Ban ga hawayenta ba ko sau ɗaya. Na ce a raina, wannan tawa ce.

Wata biyu da suka wuce uwarta ta kawo mini maganar saurayi. Tana ninke kayan wanki take faɗa, don kada ta dube ni.

"Me yake yi?"

"Zane, Malam. Irin mai motsin nan na waya. Katun."

"Na yara?"

"Wai na manya ne."

"Zan duba."

Iyakar abin da na ce ke nan. Ban ce a'a ba. A kan wannan "zan duba" kuka yi mini taron dangi. Kwaɗo ma sai na juya shi na ga bayansa kafin in sa masa ƙarfe, balle mutum.

Wata Talata da hantsi Yayata ta zo shago. Ta girme ni da shekara shida, ita ta goya ni, har yau gani take ban iya ɗaura wando ba. Ta cika ƙofar da jakarta da mayafinta ruwan ƙasa, tana haki.

"Ƙanena, an kashe ka, kana nan kana goga ƙarfe."

"Wa ya kashe ni?"

"Surukinka na gobe. Riƙe nan. Jikata ce ta nuna mini."

Fim ɗin bai kai minti ɗaya ba. Fina-finan soyayya yake kwaikwaya yana mai da su abin dariya. Ga saurayi da budurwa a cikin furanni, idanu kamar faranti, suna juyi, kiɗa na tashi. Sai ga uban yarinya, dogo, busasshe, ƙafar tabarau ɗaure da zare. Ya ɗaga guntun yatsa ya ce, "Ban yarda ba." Nan take fankar sama ta tsinke ta faɗo masa a ka. Aka lulluɓe shi, aka ɗauke shi a makara. Masoya na biye suna kuka da ido ɗaya, ɗayan idon na kallon juna. Saurayi ya miƙa hannu zai kama nata. Sai guntun yatsa ya leƙo daga ƙarƙashin lulluɓi. "Ban yarda ba." Masu ɗauka suka watse. Shi ke nan fim.

Na cire tabarau na dubi zaren. Na dubi yatsana.

"Guda shida ne," in ji Yaya. "Kowanne da irin mutuwar da ya zaɓar maka. Duniya ta kalla. Bawan Allah ya taso daga gadon asibiti a mai da ajalinsa abin wasa? Wannan ai fata yake yi maka."

Ta tura mini su duka ta tafi. Na ja ƙofa na kalla.

A wani, tsohon ya kulle kansa a shago da kwaɗon da ya gyara da hannunsa. Gyaran ya yi kyau har shi ma ya kasa buɗewa. Bayan shekara goma aka fasa ƙofa, aka tarar da ƙasusuwa zaune a kujera da tabarau. Masoya sun yi furfura suna jira a waje. Suka sauke ajiyar zuciya. Ƙashin yatsa ya ɗaga.

Ban yi dariya ba. Tari ne ya kama ni. Mai gyaran takalma na gefena ya leƙo da kofin ruwa, ya ga allon waya, ya danne baki.

"Ashe ka gani."

"Tun yaushe ka sani?"

"Layin nan duka an sani, maƙwabci. Wa zai ɗaura wa kyanwa ƙararrawa?"

Mutuwar ba ta dame ni ba. Wanda ya kwana tara da robar iska a hanci ba ya tsoron zane. Abu biyu ne suka tsaya mini a wuya.

Na ɗaya, magagari. Tsohon fim yana goga makulli gaba da baya kamar mai yankan katako. Magagari gaba yake ci. In za ka dawo ɗaga shi kake yi. Mutanen da suka kalla duk sun ga mai kama da ni yana aikin da ko sabon shiga ba zai yi ba.

Na biyu, gwangwani. A fim na huɗu tsohon ya buɗe ɗan gwangwanin alewa da yake zuba ƙananan ƙusoshi, ya laluba maganin zuciyarsa, ya haɗiyi ƙusa. Gwangwanin nan yana aljihuna yanzu haka. Ko uwar yara ba ta san a ciki nake ajiye maganin ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Kafin la'asar Yaya ta tashi dangi a waya. Wani ƙanena ya rubuto mini: "Yaya wannan cin mutunci ne, a kore shi." Babban ɗana ya rubuto: "Baba ka bar ni da shi." Ita kuwa Yaya saƙon murya ta aiko na minti bakwai. Sallamarta kaɗai ta fi fim ɗin tsawo.

Na karɓi lambar yaron a wurin uwar yara na rubuta masa: "Ni ne uban Auta. Ka zo shago gobe ƙarfe goma."

Ya amsa: "Baba barka da yamma. Wallahi ban yi don raini ba. Ina neman afuwa, in ka ba ni dama zan yi bayani, kuma duk hukuncin da ka yanke..." Ya yi ta zubawa har sai da na ja allo sau uku.

Na rubuta: "Goma."

Goma saura kwata ya iso. Siriri ne, idanu jajaye irin na mai yawan kallon allo. Rigarsa sabuwa ce shuɗiya, layin ninkin kanti na nan a ƙirji. Takalmin ma sabo ne, yana matsa shi, na gani a tafiyarsa. Ya rataya baƙar jakar kwamfuta. Ya durƙusa zai fara dogon bayani.

"Tashi. Zauna nan."

Na ba shi kujerata. Na ɗaure makullin da ba a yanka ba a bakin abin matse ƙarfe, na ajiye na asali a gefensa, na sa masa magagari a hannu.

"Fitar mini da irin wannan."

"Baba, ban iya ba."

"Amma ka iya zana ni ina yi."

Ya fara gaba da baya. Na buge masa hannu.

"Gaba. Ɗaga. Gaba. Ɗaga. Ƙarfe ne, ba rake ba."

Ya lalata na farko. Ya lalata na biyu. Gumi ya jiƙa sabuwar riga. Bai yi ƙorafi ba, bai dubi agogo ba. Ina tsaye a kansa ina tambaya.

"Fim ɗaya kwana nawa yake cin ka?"

"Mako biyar, Baba."

"Abin da bai kai minti ba?"

"Kowace daƙiƙa zane goma sha biyu ne. In yatsa zai ɗaga, sai na zana shi sau goma sha biyu, kowanne ya ɗara na baya kaɗan."

"Ku nawa ne?"

"Ni kaɗai, a ɗakina. Da rana ina zana wa kamfanoni talla, da shi nake ci. Wannan kuwa nawa ne, ba mai ce mini cire ko ƙara."

Shi ban gaya masa ba, amma ku zan gaya muku. Wanda zai zana yatsa sau goma sha biyu don daƙiƙa ɗaya, ma'aikaci ne. Na janye maganar da na taɓa yi a raina cewa zane ba sana'a ba ce.

"Muryar tsohon fa?"

Ya sunkuyar da kai. "Ni ne."

"Yi in ji."

"Baba..."

"Yi."

Ya gyara murya, ya ce, "Ban yarda ba." Mai gyaran takalma ya fashe da dariya ta bayan bango.

"Ka cika ja. Ni ba na jan magana. Yanke ta ake yi."

"To, Baba."

"Wa ya gaya maka maganar gwangwani?"

Hannunsa ya tsaya. "Ni na ƙirƙira."

"Ƙarya kake."

"Ni na ƙirƙira, Baba."

Sau uku na tambaya, sau uku ya maimaita, kunnuwansa kamar za su kama wuta. Ƙarya ce, kuma bai iya ta ba. Amma bai sayar da wadda ta gaya masa ba. Wannan ma na ajiye.

Makulli na uku ya shiga kwaɗo da ƙyar, ya juya, ya buɗe. Ya dube shi kamar an yi masa haihuwa. Na ce ya zo gida ranar Asabar da kwamfutarsa.

Da ya tafi na jawo aljihun tebur. Akwai abin da ban gaya wa kowa ba a lokacin. Mako guda kafin zuwan Yaya na koma asibiti ni kaɗai. Likita ya ce magani ya daina riƙe zuciyar, sai aiki. Ya rubuta rana. Takardar na ƙarƙashin tarin tsofaffin makullai. Na ninke ta na sa a aljihu kusa da gwangwani.

Asabar da yamma muka zauna a falo. Uwar yara ta cire ledar da ke kan kujeru, abin da ba ta yi sai don babban baƙo, ta jera kofunan gilashi masu bakin zinare. Yaya ta kama babbar kujera, jaka a cinya. Mai Zane na ƙasa a kan darduma. Auta ta dawo daga aiki ke nan, farar rigar na jikinta da biro biyu a aljihu, ta tsaya jikin ƙofar kicin. Fankar sama na juyawa. Na lura Mai Zane ya dube ta ya matsa gefe.

Yaya ba ta jira a sha ruwa ba.

"Kai, mai 'yan tsana. Buɗe abin nan ka goge su a gabanmu, duka shida. Sannan ka ɗauki takalmanka. Gidan nan ba a ba wa mai yi wa uba fatan mutuwa 'ya."

"Zan goge, Gwaggo," ya ce. Ya buɗe kwamfuta. Aikin wata bakwai ne a gabansa.

"Kada ka taɓa." Auta ce, daga ƙofar kicin. "Ni na rubuta su, Gwaggo. Duka shida. Shi zane kawai yake yi."

Uwarta ta dafe ƙirji. Yaya ta buɗe baki ta kasa rufewa.

"Ke? Uban da ya haife ki?"

"Na farko a asibiti na rubuta shi, a bayan takardar magani. Rana ta uku, da likita ya fito ya ce mu yi ta addu'a. Mama na kuka, ke kina kiran dangi. Ni kukan ya ƙi zuwa. Na ce a raina, mutumin nan ko an ɗauko shi sai ya ce bai yarda ba. Sai na ji ina dariya ni kaɗai a baranda kamar mai taɓin hankali. Shi kuma yana zuwa kantinmu sayen maganin ido, na nuna masa, ya zana." Ta dubi Yaya. "Gwaggo, inda yake mutuwa kika kalla. Ba ki lura da ƙarshe ba. Duk sau shidan tashi yake yi."



Na san ita ce tun ranar gwangwani. Dalilin ne ban sani ba. Da na ji shi, na ɗauki kofi na sha ruwa.

"Rufe kwamfutarka," na ce wa yaron. "Ba za a goge ba."

"Ƙanena..."

"Yaya, ni aka kashe, ba ke ba."

Na ciro takardar asibiti na ajiye a kan tebur tsakanin kofuna.

"Ranar sha tara ga wata mai zuwa za su buɗe ƙirjina. Likita ya ce a shekaruna ba ya ɗaukar alkawari. Na ji daɗinsa, bai yi mini ƙarya ba."

"Malam," in ji uwar yara, muryarta ta shige ciki. "Tun yaushe?"

"Mako biyu."

Auta ta zo ta ɗauki takardar. Ta fi kowa a ɗakin sanin abin da ke ciki. Ta karanta har ƙasa, ta koma sama ta sake.

Na ce, "Yaron nan ma'aikaci ne, kuma yana da riƙon amana. Na gwada shi. Fina-finanku ma ba laifi, ban da magagari. Amma akwai haƙori ɗaya na ƙarya a makullin. Mutum ba ya tashi. Ubana bai tashi ba. Ni ma wata rana ba zan tashi ba, ko ranar sha tara ko wata ranar. Ba na so ta same ki a tsaye kina jiran yatsa ya fito."

Ba ta ɗago ba.

"Ga sharaɗina. Ku yi na bakwai. Tsoho ya riƙe magagari daidai. Ya gama makullinsa. Ya ce ya yarda. Ya kwanta. Kada yatsa ya fito. Ku sa dariya yadda kuka saba, ban hana ba, ko fankar ce ku sake sako masa. Ranar da na kalle shi, ranar zan ba da ke. Ina so in yi da bakina, kafin sha tara."

Ku da za ku ce mugunta ce, ku faɗa. Shekara arba'in da huɗu mutane na zuwa mini bayan sun kulle kansu a waje. Kullum abu ɗaya nake gaya musu: makullin ajiya tun ƙofa na buɗe ake yanka shi.

Mai Zane ya lissafa da yatsu. "Mako biyar yake ci, Baba, amma zan iya a uku. Zan ajiye tallar." Ya dubi Auta. "In ta rubuta."

"Kai ka rubuta mana," in ji Yaya. Ita da ta zo korar sa, yanzu tana share ido da bakin mayafi. "Rubutun me ne, layi biyar?"

"Ita za ta rubuta," na ce. "Don ita na sa sharaɗin."

Uwar yara ta matso kusa da ita. "Auta, ki yi wa Babanki abin da yake so. Kin san halinsa."

"Na sani, Mama."

"Ba na sauya magana," na ce.

"Na sani."

"Aurenki ne a kai."

Mai Zane ya yi ƙasa da murya. "Zane ne kawai. Ki faɗa mini ko da baki, ni zan ƙarasa."

Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta ninke takardar asibiti gida huɗu, ta sa a aljihun farar rigarta bayan biro biyun. Ta ɗago ta dube ni ido cikin ido. Na ga haɓar nan ta ɗaure, irin wadda nake gani a madubi in ina aski. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

"Ina jira," na ce.

"Ba zan rubuta ba, Baba."